Kalmar "Hooligan": Ma'anarta, Asalinta da Yadda za a Fassara ta zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk mai sauraron labarin wasanni a rediyo, ko da Ingilishi ko da Faransanci, da wuya a ce bai taɓa jin kalmar "hooligan" ba. Ana yawan ambatonta idan magoya bayan wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa suka cika titi da ihu, suka farfasa kwalabe, suka kara da ƴan sanda. Kalmar ta Ingilishi ce, amma Faransanci ya are ta, Jamusanci ma haka. Rashanci kuwa bai tsaya ga aro ba, sai da ya shigar da ita cikin kundin dokokin hukunta masu laifi.

Ɗalibin fassara yakan ɗauka ƙamus ya ishe shi game da irin wannan kalma. Yakan buɗe, ya ga "ɗan iska" ko "ɗan daba", ya rubuta, ya wuce. Wannan takarda za ta nuna cewa aikin ya fi haka nauyi. Za mu duba ma'anar kalmar da ƙirarta, sannan mu bi sawunta tun daga unguwannin talakawa na birnin Landan har zuwa kotunan Masko da filayen ƙwallo na Turai. Abin da za mu gani shi ne, kalmar ta faro ne a matsayin sunan dangi, aka mayar da ita tambarin da ake liƙa wa mutane, kuma wanda aka liƙa wa ita ba ya rabuwa da ita cikin sauƙi, ko da bai yi laifin ba. A ƙarshe za mu kawo kalmomin Hausa da suka dace da ita a muhallai daban-daban.

2.0 Ma'ana da Ƙirar Kalma

Kalmar tana da gaɓa uku. Ana furta ta kamar "huu-li-gan", tare da ƙarfafa gaɓar farko. Suna ce gama-gari, kuma jam'inta "hooligans". Idan aka yi mata ɗafa-ƙeyar "-ism" sai a sami "hooliganism", wato halin ko aikin irin wannan mutum. Wannan ɗafa-ƙeya tana yin aiki irin na "-anci" a Hausa, kamar yadda muke samun "dabanci" daga "daba", da "iskanci" daga "iska", da "ƙauyanci" daga "ƙauye". Faransanci ya bi wannan tsari ya samar da "hooliganisme".

Idan Bature ya kira mutum "hooligan", akwai abubuwa huɗu da yake nufi a tare. Na farko, mutumin matashi ne, kuma galibi namiji. Na biyu, yana cikin gungu, ba shi kaɗai yake tafe ba. Na uku, abin da yake yi a bainar jama'a yake yin sa: a titi, ko tashar jirgin ƙasa, ko mashaya, ko filin wasa. Na huɗu, hayaniyar tasa tana tafe da ɓarna ko duka, ba tare da wata riba da yake nema ba.

Wannan abu na huɗu shi ne ya raba shi da ɓarawo. Ɓarawo yana son duhu da shiru, domin kaya yake nema. Shi kuwa wannan so yake a gan shi, a ji shi, a kauce masa. Haka kuma ya bambanta da mai zanga-zanga, domin mai zanga-zanga yana da buƙatar da yake son hukuma ta biya masa.

Ingilishi yana da wasu kalmomi maƙwabtan wannan, kuma sun bambanta wajen nauyi. "Noisy" mai yawan hayaniya ne kawai. "Boisterous" da "rambunctious" ana faɗarsu ga yara ko samari masu ƙiriniya da tsalle-tsalle, kuma sau da yawa babu zargi a ciki. Uwa tana iya faɗar haka game da ɗanta tana murmushi. "Rowdy" ya ɗan fi nauyi, wato hayaniyar ta fara damun mutane, kamar ta mashaya da tsakar dare. Daga nan sai "hooligan", inda magana ta kai ga ƴan sanda. Gaba da shi akwai "thug", wato mugun da ake tsoro, wanda duka da rauni su ne sana'arsa. Wajibi ne mai fassara ya san a wane mataki kalmar da ke gabansa take.

3.0 Asalin Kalmar

3.1 Landan a ƙarshen ƙarni na 19

A wancan zamani Landan ce birni mafi girma a duniya, da mutane fiye da miliyan 4. A kudancin kogin Thames akwai unguwanni irin su Lambeth da Southwark, inda leburori da masu dako da ƴan tireda suke zaune a cunkushe, iyali guda a ɗaki guda. Yaro yana barin makaranta tun bai balaga ba, ya shiga aikin aike ko tura amalanke. Da yamma ba shi da wurin zama sai bakin titi, inda sa'o'insa suke taruwa.

A rahotannin kotunan ƴan sanda da jaridun Landan suka buga a shekarar 1894 an fara ganin kalmar, a matsayin sunan wani gungun samari na Lambeth da ake kira "Hooligan Boys". A lokacin sunan gungu ɗaya ne tak, ana rubuta shi da babban baƙi kamar kowane sunan yanka.

Abin ya canza a watan Agusta na 1898. A ranar Litinin ta farkon watan, wadda a wancan lokaci ranar hutu ce a Ingila, an yi shaye-shaye da faɗace-faɗace a titunan Landan, aka gurfanar da mutane da yawa gaban kotu bisa laifin maye da dukan ƴan sanda. Cikin watan kuma aka yi kisan kai a Lambeth, aka danganta shi da waɗannan samari. Jaridu suka kama kalmar suka yi ta yayatawa. Suka riƙa siffanta shigar samarin: wando mai faɗin ƙafa, ƙyalle ɗaure a wuya, da bel mai ƙaton ƙarfe wanda ake kwancewa a yi duka da shi. Kafin shekara ta ƙare, duk wani saurayi ɗan talaka da ya ta da hankali a titi ya zama "hooligan", ko da bai taɓa taka Lambeth ba. Babban baƙin ya faɗi, sunan yanka ya koma suna gama-gari. Wannan shi ne abin da masana ilimin ma'ana suke kira faɗaɗar ma'ana.

3.2 Bayanai uku game da sunan

Tambayar da ta rage ita ce, daga ina su samarin suka samo sunan? Bayanai uku ake kawowa.

Bayani na farko ya fito ne daga wani ɗan jarida mai suna Clarence Rook, wanda ya wallafa littafi mai suna "The Hooligan Nights" a 1899. A cewarsa, an yi wani mutum mai suna Patrick Hooligan a Southwark, wanda aikinsa shi ne fitar da masu rigima daga mashaya, yana kuma taɓa sata. Yara suka ɗauke shi gwarzo suna kwaikwayonsa. Daga baya ya kashe ɗan sanda, aka ɗaure shi, ya mutu a kurkuku. Labarin yana da daɗin ji, shi ya sa ya yaɗu. Sai dai littafin Rook ya gauraya rahoto da ƙagaggen labari, saboda haka masu nazarin asalin kalmomi ba sa dogara da shi shi kaɗai.

Bayani na biyu ya ce asalin kalmar "Hooley's gang" ce, wato gungun wani mai suna Hooley, aka haɗe kalmomin biyu wajen furuci. Wannan irin bayanin nan ne da mutane suke ƙirƙirowa bayan kalma ta riga ta kafu, domin kunne ya ji kama. Babu wata rubutacciyar shaida da ta goyi bayansa.

Bayani na uku shi ne ya fi ƙarfi. A ƙasar Ailan akwai sunan dangi da ake rubutawa da Ingilishi "Houlihan", wani lokaci "Hoolihan" ko "Hooligan". A harshen mutanen Ailan asalinsa "Ó hUallacháin", wato zuriyar Uallachán, daga kalmar "uallach" mai nufin mai alfahari. Tun kafin 1894 masu wasan barkwanci a Ingila suna amfani da wannan suna idan za su kwaikwayi mutumin Ailan. A wani wasan kwaikwayo na 1824 akwai wani bara mashayi mai suna Larry Hoolagan. A farkon shekarun 1890 kuma an yi wata waƙa da ta shahara a gidajen kaɗe-kaɗe na talakawa, wadda take ba da labarin wasu iyali ƴan Ailan masu wannan suna, waɗanda ba su da aiki sai rigima da hayaniya. Samarin Lambeth masu zuwa irin waɗannan gidaje ne. Ba abin mamaki ba ne su ɗauki sunan daga waƙa su raɗa wa gungunsu, kamar yadda samarin yau suke ɗaukar suna daga fim.

Abin lura a nan shi ne, duk bayanan uku sun haɗu a wuri ɗaya. Patrick, da Hooley, da Houlihan, duka sunaye ne na mutanen Ailan.

3.3 Me ya sa sunan mutanen Ailan?

Daga 1845 zuwa 1852 an yi babbar yunwa a Ailan, sakamakon cutar da ta lalata dankali, wanda shi ne abincin talaka a can. Kimanin mutum miliyan 1 suka mutu, wasu kimanin miliyan 1 suka yi ƙaura zuwa Amurka da biranen Ingila. Waɗanda suka isa Landan da Liverpool da Manchester sun zo da talauci, sun kama aikin ƙarfi mafi ƙarancin lada, sun zauna a unguwanni mafi muni. Mafi yawansu mabiya ɗarikar Katolika ne, alhali Ingilawa galibi Furotesta ne. Jaridun barkwanci na Landan suka riƙa zana mutumin Ailan a matsayin mashayi mai saurin hannu.

Wani masanin zamantakewa mai suna Geoffrey Pearson ya yi nazarin wannan zamani a littafinsa "Hooligan: A History of Respectable Fears", wanda ya fito a 1983. Ya nuna cewa manyan gari na Ingila sun riƙa cewa wannan ɗabi'a baƙuwa ce, ba halin Ingilawa ba ne, alhali samarin da ake gurfanarwa haifaffun Landan ne, kuma faɗan titi ya daɗe a biranen ƙasar. A Manchester ana kiran irinsu "scuttlers", a Birmingham kuma "peaky blinders". Sanya wa abin sunan baƙi ya ba mutanen gari damar ɗora laifin ƴaƴansu a kan wasu. Pearson ya kuma nuna cewa kowane zamani dattawa sukan ce samarin da sun fi na yanzu ladabi, amma idan aka buɗe jaridun wancan "da" ɗin, sai a tarar da irin wannan kuka.

Ba Ingilishi kaɗai yake yin haka ba. A farkon ƙarni na 20 jaridun Faris sun kira ƴan daban birnin "apaches", wato sunan wata al'umma ta ƴan asalin Amurka da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Kalmar "vandal", mai nufin mai lalata kayan jama'a, sunan wata ƙabila ce ta Jamusawan da, wadda ta washe birnin Rum a shekarar 455. Wani limamin Kirista Bafaranshe mai suna Henri Grégoire ne ya ƙirƙiro "vandalisme" daga sunanta a 1794. Mu ma a Hausa muna da irin wannan. Idan mutum bai iya furuci ba sai a ce yana "gwaranci", daga sunan da Hausawa suke kiran mutanen da su suke kiran kansu Gbagyi. Mai faɗar kalmar ya manta da asalinta, amma mai sunan bai manta ba.

4.0 Yaɗuwar Kalmar

4.1 A ƙasashen Ingilishi

Cikin ƴan shekaru kaɗan kalmar ta zama ta kowa. A 1900 wani mai zanen barkwanci a Amurka, Frederick Burr Opper, ya fara fitar da zanen wani gajiyayye mai yawon bara da gwangwani a ka maimakon hula, ya sa masa suna "Happy Hooligan". Wannan mutum mai kirki ne, kullum yana ƙoƙarin taimako, kullum yana ƙarewa a hannun ɗan sanda. Zanen ya ci gaba da fitowa har 1932. A 1901 wasu matasan ƴan majalisar dokokin Ingila masu yi wa shugabannin jam'iyyarsu tsaurin ido sun taru a bayan Lord Hugh Cecil, aka yi wasa da sunansa aka kira su "Hughligans". Cikinsu har da Winston Churchill, wanda ya zama firayim minista a 1940. A 1904 kuma kalmar "hooliganism" ta fito a ɗaya daga cikin labaran Sherlock Holmes na Arthur Conan Doyle. Wato cikin shekara goma ta tashi daga bakin titin Lambeth ta shiga majalisa da adabi.

4.2 A ƙasar Rasha

Babu inda kalmar ta yi saiwa kamar Rasha. Tun farkon shekarun 1900 jaridun birnin St. Petersburg suka fara kiran samari masu tsokanar mutane a titi "khuligan", aikinsu kuma "khuliganstvo". Bayan juyin juya halin 1917 sai sabuwar gwamnati ta mayar da kalmar sunan laifi a doka. A kundin 1960 na zamanin Tarayyar Sobiyet laifin yana sashe na 206, a kundin Rasha na 1996 kuma yana sashe na 213. Ma'anarsa a doka ita ce keta zaman lafiyar jama'a ta hanyar da ke nuna raini ƙarara ga al'umma.

Duba yadda wannan ma'ana take da faɗi. Wane ne zai auna raini? Saboda wannan faɗi, laifin ya zama kamar babban buhu da hukuma take iya jefa kowa a ciki. Ga misalai uku. A ranar 28 ga Mayu, 1987, wani saurayi Bajamushe ɗan shekara 18 mai suna Mathias Rust ya tuƙo ƙaramin jirgin sama daga Finlan, ya ratsa tsaron sararin samaniyar Tarayyar Sobiyet, ya sauka a gefen Jan Dandali a tsakiyar Masko. Cikin laifuffukan da aka same shi da su har da "khuliganstvo". Aka yanke masa ɗaurin shekara 4, aka sake shi a 1988. A watan Agusta na 2012 wata kotu a Masko ta yanke wa wasu mata uku mawaƙa ɗaurin shekara 2 bisa wannan laifi, saboda waƙar adawa da Vladimir Putin da suka yi a cikin babban cocin birnin. A 2013 kuma an kama mutum 30 a jirgin ruwan ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace, bayan sun yi zanga-zanga a wata rijiyar mai da ke cikin teku. Da farko an tuhume su da fashin teku, daga baya aka sauya tuhumar zuwa "khuliganstvo", kafin a yi musu afuwa a watan Disamba na shekarar.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya yi kama da saurayin Lambeth mai bel ɗin ƙarfe. Idan labarinsu ya iso ɗakin fassara da Ingilishi, kalmar da za a gani ita ce "hooliganism". Wanda ya rubuta "dabanci" a nan ya ɓatar da mai sauraro.

5.0 Kalmar a Filin Ƙwallo

Daga shekarun 1960 ma'anar kalmar a Ingila ta fara tattaruwa a wuri ɗaya, wato rigimar magoya bayan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa. Wannan kishiyar abin da ya faru a 1898 ne: a can ma'ana ta faɗaɗa, a nan ta ƙuntata. Da wannan ƙuntatacciyar ma'ana ce aka fi sanin kalmar a Faransanci da Jamusanci a yau.

Abubuwa biyu da suka faru za su nuna nauyin kalmar. Na farko, ranar 29 ga Mayu, 1985, a filin wasa na Heysel da ke Brussels, babban birnin Beljiyam. Kafin a fara wasan ƙarshe na kofin Turai tsakanin Liverpool da Juventus, wasu magoya bayan Liverpool suka auka wa ɓangaren da ƴan Italiya suke. Mutane suka gudu suka matsu a jikin wani bango, bangon ya rushe. Mutum 39 suka mutu, mafi yawansu ƴan Italiya, wasu kimanin 600 suka ji rauni. Aka hana ƙungiyoyin Ingila shiga gasar Turai har shekara 5, Liverpool kuwa shekara 6. Daga baya kotu a Beljiyam ta sami magoya baya 14 da laifin kisa ba da niyya ba. A nan kalmar ta sauka a kan masu ita.

Na biyu, ranar 15 ga Afrilu, 1989, a filin Hillsborough da ke birnin Sheffield, inda Liverpool za ta kara da Nottingham Forest. Jama'a sun yi cincirindo a waje, sai shugaban ƴan sandan da ke kula da wasan ya ba da umarnin buɗe wata babbar ƙofa. Dubban mutane suka kwarara zuwa wani sashe da ya riga ya cika, wanda aka kewaye da shingen ƙarfe. Shi wannan shinge an kafa shi ne tun farko don tsoron masu rigima. Mutanen gaba suka matse a jikinsa, numfashi ya gagara. Mutum 96 suka rasa rayukansu, cikinsu har da yara, kuma a 2021 aka ƙara na 97, wanda ya rasu sakamakon raunin da ya samu a ranar.

Babu faɗa a Hillsborough. Amma saboda abin da ya faru a Heysel shekara 4 kafin nan, tambarin yana nan a ajiye, sai aka ɗauko shi aka liƙa. Wasu jami'an ƴan sanda suka ce magoya baya ne suka zo a buge suka ɓalle ƙofa. Bayan kwana 4 jaridar The Sun ta buga a shafinta na farko cewa sun yi wa gawawwaki sata, sun kuma doki masu aikin ceto. Tun a watan Agusta na 1989 binciken alƙali Taylor ya nuna cewa babban dalilin abin shi ne gazawar ƴan sanda wajen sarrafa taron, amma zargin bai gushe ba. Sai a 2012 wani kwamiti mai zaman kansa ya gano cewa an sauya bayanan shaida 164, firayim minista David Cameron ya nemi gafarar iyalan a majalisa. A ranar 26 ga Afrilu, 2016, masu taya alƙali yanke hukunci suka tabbatar da cewa an kashe mutanen ne ba bisa ƙa'ida ba, kuma magoya baya ba su da hannu a ciki. Iyaye sun shafe shekara 27 suna wanke sunan ƴaƴansu da ke kabari. Hausawa sun ce suna linzami ne.

6.0 Fassara zuwa Hausa

Babu kalma ɗaya ta Hausa da za ta ɗauki "hooligan" a kowane muhalli. Kafin mai fassara ya zaɓa, sai ya tambayi kansa abu uku: wane ne yake magana, wa ake nufi, kuma me aka ce ya aikata?

Idan malami ko uwa ce take faɗa wa yara cikin wasa, abin bai wuce "ƙiriniya" ko "rashin ji" ba. Za a iya cewa "yaran nan sun cika ƙiriniya", ko "fitinannun yara".

Idan ana nufin samari masu ihu da zagi da tsokanar masu wucewa, ba tare da makami ba, "tsagera" da "tsageranci" sun dace, haka ma "taƙadari". "Ɗan iska" yana iya shiga, amma a yi hattara, domin a wurare da yawa "iskanci" yana ɗauke da ma'anar lalata, wadda babu ita a kalmar Ingilishi.

Idan gungu ne mai shugaba da unguwa da makami, a nan ne "ƴan daba" da "dabanci" suka zauna daidai. Ita ma "daba" ta yi irin tafiyar da muka gani a sama, domin asalinta matattarar mafarauta ce, kafin ta koma sunan gungun masu sara da suka a birni. Wasu garuruwa suna da nasu sunan: "ƴan kalare" a Gombe, "sara-suka" a Bauci, "palais" a Damagaram, kalmar Faransanci mai nufin fada. Waɗannan sunaye na gida ne, kowane yana ɗauke da garinsa. Bai dace a kira saurayin Liverpool ɗan kalare ba. Haka kuma "ƴan banga" da "ƴan jagaliya" na siyasa ne, akwai mai biyansu.

Idan labarin ƙwallo ne, siffantawa ta fi: "magoya baya masu ta da rigima", ko "masu ta da zaune tsaye a filin wasa". Wannan ya ware masu laifi daga sauran ƴan kallo, ba a yi musu kuɗin goro ba.

Idan tuhuma ce a kotun Rasha, sai a fassara laifin yadda doka ta bayyana shi: "laifin keta zaman lafiyar jama'a".

Idan kuwa gwamnati ce ta kira masu zanga-zanga da wannan suna, wajibi ne a jingina maganar ga mai ita. A ce "waɗanda gwamnati ta kira ƴan ta da zaune tsaye". Mai fassara ba alƙali ba ne. Sannan a guji "ƴan ta'adda" gaba ɗaya, domin a Hausar yau wannan kalma ta keɓanta ga masu kashe jama'a da bindiga da bam, kuma ɗora ta a kan mai fasa kwalba zalunci ne.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa "hooligan" sunan dangi ne na mutanen Ailan, wanda ya bi ta wasan barkwanci da waƙa ya zama sunan gungun samari a Lambeth a 1894, jaridu suka mayar da shi suna gama-gari a 1898. Daga nan ma'anarsa ta faɗaɗa, ta shiga dokar Rasha, ta kuma ƙuntata a filin ƙwallo. A kowane zango akwai waɗanda sunan ya dace da su, akwai kuma waɗanda aka liƙa wa shi don baƙi ne, ko talakawa, ko masu adawa, ko don kawai suna tsaye kusa da masu laifi. Saboda haka idan ɗalibi ya ci karo da wannan kalma a cikin matani, kada ya yi gaggawar buɗe ƙamus. Ya fara karanta labarin har ƙarshe, ya ga abin da mutanen suka aikata da hannunsu, sannan ya zaɓi kalmar Hausa da ta yi daidai da aikin, ba ƙari ba ragi.